Dariyar Malam Nagode

Zaharadeen yana tsakiyar kwance wata tsohuwar kwamfuta lokacin da mashin ya tsaya a ƙofar shagonsa. Bai ɗaga kai ba, don ranar Talata ce, kasuwar Mafara tana ci, kuma tun safe mashina ke tsayawa suna tashi a gefen titin. Sai da aka yi sallama ya gane muryar ƙanensa Mujahid, autan gidansu, wanda ke zaune a Bakura yana sana'ar ɗaukar bidiyon biki da suna.

Suka gaisa kamar yadda aka saba. Zaharadeen ya tambayi hanya da gajiya da mutanen gida, ya tambayi damina, ya tambayi ko an ji labarin Inna. Mujahid yana amsawa a gajarce, abin da ba halinsa ba ne, domin shi mutum ne da gaisuwa kaɗai kan zame masa hira. Da suka gama ya zaro wani abu daga aljihu, naɗe a cikin hankici, ya ajiye bisa tebur a hankali. Estanal ɗinsa ce, wato 'yar baƙar ma'ajiyar nan mai girman tafin hannu da ake jonawa jikin kwamfuta, wadda yake tara duk aikinsa a ciki.

Ya ce yana cikin aiki ne 'yarsa ta rarrafo ta ja waya, abin ya faɗo bisa siminti. Tun daga nan kwamfuta ta daina ganinta. Ya gwada a tasa, ya gwada a ta wani abokinsa, shiru. Wani ya ce ya sa ta a firji ta kwana, wani ya ce ya ɗan bubbuga ta a tafin hannu. Firjin dai Allah ya tsare, don babu wuta a unguwarsu ranar, amma bugun ya ɗan yi. Akwai bikin 'yar wani Alhaji na Maradun a ciki, wanda bai kai ga miƙawa ba, kuma mutanen har sun fara kira.

"Amma ba bikin ne damuwata ba, Yaya," in ji shi. "Baba shina ciki. Duk abin da na ɗauka nasa nan yake, ba ni da shi ko'ina."

Mahaifinsu, Malam Nagode, manomi ne a Faru, cikin ƙasar Maradun. Bara ya rasu, bayan an gama girbin gero. Tun da Mujahid ya sayi kyamara, duk zuwan da zai yi gida sai ya ɗauki tsohon, ko a gona ko a zaure. Zaharadeen ya san ana yi, amma bai taɓa zama ya kalla ba. Bayan rasuwar, mahaifiyarsu Inna Gimbiya ta dawo cikin garin Maradun wurin 'yarta Ummulkhairi, kuma Mujahid ya yi mata alkawarin zai harhaɗa hotunan ya kai mata idan zuciyarta ta ɗan lafa.

Zaharadeen bai yi masa faɗa ba, ko da yake ya sha gaya masa ya daina tara aikinsa a wuri ɗaya. Ya fara da abu mafi sauƙi. Ya canza waya, ya canza kafar da ake jonawa a jikin kwamfutar. 'Yar fitilar estanal ɗin ta kawo, ta ɗauke. Ya kara ta a kunne yana sauraron ko faifan da ke ciki yana juyawa. Abin da yake tsoro shi ne ya ji ƙas-ƙas, don wannan yana nufin allurar da ke karanta faifan ta lalace, kuma irin wannan gyara ya fi ƙarfin shagonsa. Bai ji ƙas-ƙas ba, bai ma ji komai ba. Ya ce wa Mujahid shirun ya fi masa daɗi, wataƙila wuta ce ba ta kaiwa ciki.

Ya ɗauko wani siririn ƙarfe ya ɓare robar, ya fito da faifan a cikin gidansa na ƙarfe. Ɗan fanel ɗin da bakin waya ke jiki ya tsage, ana ganin tsagar da ido. Ya zare shi, ya jona faifan kai tsaye a jikin babbar kwamfutar shagon. Sai ga shi ya tashi, yana juyawa da sauti mai laushi. Saƙo ya fito bisa allo, kwamfuta tana neman izinin yin fomat. Mujahid, wanda ya sunkuyo ta bayan kafaɗarsa, ya miƙa hannu zai danna, Zaharadeen ya riƙe hannun.

Ya yi masa bayani cewa fomat gogewa ne. Faɗuwar ta taɓa wurin da faifan ke riƙe bayanin inda kowane fayil yake, shi ya sa kwamfuta ke ganinsa kamar sabo, amma kayan suna nan. Kuma faifan da ya sha ƙasa ba a yi masa garaje, don kowace juyawa tana iya ƙara masa rauni. Zai kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, a hankali, yana tsallake wuraren da suka ji ciwo, sannan ya yi tono a kan kwafin. Aikin na kwanaki ne. Mujahid ya kama hanyar Bakura bayan la'asar, fuskarsa ta ɗan saki.

Kwafin ya ci lokaci kamar yadda Zaharadeen ya faɗa. Ya ɗora kwamfutar a kan batirin sola, ya haƙura da fanka, yana aiki cikin zufa don kada wuta ta ɗauke a tsakiya. Akwai inda faifan zai yi ta gudu, akwai inda zai tsaya yana fama kamar amalanke a cikin taɓo. Da aka gama ya cire faifan Mujahid ya naɗe, ya saki manhajar da ke tono fayiloli a kan kwafin. Suka yi ta fitowa da yawa, sai dai duk sun rasa sunayensu, lambobi kawai. Babu yadda zai bambance bikin Alhaji da sunan ɗan wani sai ya buɗe kowanne ya gani.

Da hantsi ne, babu kowa a shagon. Ya buɗe na farko, mata ne ke rawa a tsakar gida. Na biyu ango ne da abokansa. Ya ci gaba da warewa har ya fara hamma. Sai ya buɗe wani, ga mahaifinsa zaune a inuwar gawon da ke tsakiyar gonarsu, malfa bisa gwiwa, yana dariya.

Dariya ce ta gaske, irin wadda mutum ke dukan cinya yana neman numfashi. Zaharadeen ya tsayar da bidiyon ya zuba wa allon ido. Ya haura shekara arba'in a duniya, amma bai taɓa sanin cewa idan mahaifinsa ya yi dariya sosai har hawaye yake yi ba.

Shi ne ɗan fari, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Malam Nagode bai taɓa kiran sunansa ba. Yana yaro "kai" ne, ko "wancan". Da ya girma ya buɗe shago, ya zama "na Mafara". Idan ya yi sallama a zaure, tsohon kan gyara zama ya tattara fuska, a gaisa, a yi maganar taki da iri da abin da ya kamata a yi, a tashi. Zaharadeen ya taso ya tarar haka ake yi a gidajen makwabta ma, bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Ya san Baba yana wasa da auta, kowane uba yana yi. Sai dai duk lokacin da yake wurin wasan kan tsaya, don haka a zatonsa ɗan murmushi ne da 'yar tsokana. A wurinsa mahaifinsa mutum ne mai ƙarancin magana, shi ke nan.

Mutumin da ke cikin kwamfutar kuwa bakinsa ba ya hutawa. Yana tsokanar Mujahid cewa hannunsa ya yi laushi, ko hauya ba ta san shi ba. Ya ƙwace kyamarar ya ce shi ma zai ɗauka, hoton ya yi ta lilo tsakanin sama da kan ƙafafunsa, su biyun suna ƙyaƙyatawa. A wani kuma suna shan fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, suna gardamar wa ya fi sha. Ya ba da labarin ranar da ya fara ganin ruwan Bakolori yana saurayi, ya ce ya ɗauka ƙarshen duniya ke nan. Ya ba da labarin yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya, ta ƙi ko kallonsa, ya yi ta komawa da ƙishirwar ƙarya har 'yan uwanta suka gane shi. Akwai ma inda yake noma yana 'yar waƙa a ƙasa-ƙasa. Zaharadeen bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne sunan. Mujahid zo ka gani, Mujahid ajiye abin nan ka ci abinci, Mujahid kai dai ba ka jin magana. Sunan yana fita daga bakin tsohon babu nauyi ko kaɗan.

Ya bi bidiyon ɗaya bayan ɗaya, kuma bai ɓoye wa kansa abin da yake nema ba. Wuri ɗaya ya samu. Mujahid ya tambayi ko za a sa wa masara taki a makon nan, tsohon ya ce na Mafara ya ce zai aiko, a jira shi. Daga nan ya koma labarin wata akuya da ta shiga masallaci.

Zaharadeen ya rufe kwamfutar ya fita ƙofar shago ya tsaya. Ya tuna ciwon ajalin Baba. Shi ya ɗauko shi daga Faru, shi ya yi jinyarsa a asibiti, shi ke tayar da shi zaune, shi ke wanke masa kaya. Ko a wannan hali, bango tsohon yake kallo idan yana goge masa jiki. Ranar da jikin ya yi tsanani ya buɗe ido, ya ga Zaharadeen a kansa, ya tambaya ko Mujahid ya iso. A lokacin bai ji komai ba, ya ɗauki waya ya kira ƙanensa. Yanzu ne tambayar ta dawo masa, kuma ta zo da zafi.

Da yamma Mujahid ya kira. Zaharadeen ya ce masa bikin Alhaji ya fito lafiya, ya zo ya karɓa. Mujahid ya yi hamdala, sannan ya tambayi na Baba.

"Ana kan aiki," in ji Zaharadeen. "Wurin ya ji ciwo ƙwarai."

Bai shirya faɗin haka ba, maganar fita kawai ta yi. Da ta fita kuma bai janye ta ba. Mujahid ya zo ya karɓi bikin a filash, ya yi godiya, ya ɗan tsaya yana kallon kwamfutar kamar mai duba marar lafiya, ya tafi.

Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Duk rana idan shago ya yi shiru, tsakanin azahar da la'asar, sai Zaharadeen ya turo ƙofa ya kunna. Malam Nagode yana kallon cikin kyamara idan yana magana, don haka daga kan kujerar shagon kamar shi yake kallo, kamar shi yake ba labari. Zaharadeen kan sami kansa yana murmushi, har ya kusa amsawa. Sai tsohon ya ce Mujahid, komai ya rushe. Ya kan kashe da haushi, ya ce ba zai sake ba, washegari ya sake.

Tunanin gogewa ya zo masa, amma bai daɗe ba, don ya san hannunsa ba zai iya ba. Wanda ya zauna masa shi ne ya ce sun lalace, ya riƙe su shi kaɗai. Mujahid ya riga ya sami rabonsa, a gabansa aka yi dariyar, shi aka yi wa. Mene ne laifi idan shi ma ya sami abu ɗaya na Baba wanda babu mai shi sai shi? Ya san tunanin ba shi da kyau. Ya kan ji kunyarsa idan ya tsaya salla, amma da ya koma kan kujera sai ya ga kamar yana da hujja.

Matarsa Murja ta lura. Ta ga ya rage cin abinci, ta ga duk lokacin da aka ambaci Mujahid sai ya sami abin da zai kushe, ko ya ce yaron ba shi da tsari, ko ya ce an sangarta shi tun yana ƙarami. Ta tambaye shi ko wani abu ya haɗa su, ya ce aiki ne kawai ya yi masa yawa. Ta ce Ummulkhairi ta kira, Inna tana tambayar ko abin ya gyaru. Ya ce idan ya gyaru za su ji. Murja ta dube shi, ta kwashe kwanuka.

Mujahid kuwa da ya ga shiru ya yi yawa, ya fara tambaya a wurin abokan sana'a. Aka gaya masa akwai wani a Sakkwato mai na'urar buɗe faifai. Ya ji nauyin faɗa wa yayansa a waya, kada ya ga kamar an raina aikinsa, sai ya yanke ya zo da kansa ya roƙe shi a hankali. Ya iso bayan azahar, ya tarar da ƙofar a ture. Tun kafin ya yi sallama ya ji muryar mahaifinsa daga ciki, yana labarin rijiya.

Zaharadeen ya ɗago ya gan shi tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya tsayar da bidiyon. Fuskar tsohon ta tsaya a allon, baki buɗe.

"Ashe sun fito, Yaya," in ji Mujahid.

"Sun fito."

"Yau?"

Da Zaharadeen ya ce i, da maganar ta wuce, kuma ya ga alamar Mujahid yana so ya ji hakan. Ya dubi tebur ya ce tare da na bikin suka fito.

Mujahid ya shigo ya zauna bisa bencin da masu jiran gyara ke zama. A waje wani mai rake yana ta kiran ciniki. Can Mujahid ya tambaya, muryarsa a ƙasa, mi ya yi masa.

"Ba ka yi mani komi ba," in ji Zaharadeen. Ya nuna allon da haɓa. "Ni ban san wanga mutum ba, Mujahid. Tun ina yaro nake durƙusa mashi, ni na riƙe shi har ya cika, amma ban san shi ba. Kai ka san shi."

Mujahid ya kalli allon, ya kalli yayansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi kuma har Baba ya koma ga Allah bai taɓa tambayarsa shawarar komai ba. Ko gona za a sayar, ko shanu, ko wata za a aurar, maganar ɗaya ce, a jira na Mafara. Ranar da ya ce yana son aure, dariya Baba ya yi ya ce ya je ya gaya wa yayansa. Ciwon ma ɓoye masa aka yi, sai da aka kwanta asibiti ya ji. Ya ce shi abokin wasa ne kawai, har ya haihu ba a ɗauke shi babba ba.

Zaharadeen ya saurara, ya san gaskiya ce, amma ba ta sanyaya masa komai ba. A ransa yana jin da za a ba shi zaɓi, da ya ba da duk shawarwarin nan a kan yini ɗaya a gindin gawo da ƙwaryar fura. Bai faɗa ba.

Abin da Mujahid ya ƙara ne ya same shi. Ya ce tun ranar da aka gaya masa wurin ya ji ciwo bai sake ɗaukar 'yarsa ba. Idan ta rarrafo wurinsa sai ya tashi, alhali ya san ba ta san abin da ta yi ba. Matarsa har kuka ta yi a kan haka. Kuma ya daina ɗaga wayar Ummulkhairi, don bai san abin da zai ce wa Inna ba.

Sai a lokacin Zaharadeen ya ga abin da ya jawo. Duk tsawon kwanakin nan kansa kawai yake gani, bai taɓa kawo yarinyar a ransa ba. Ya ce Mujahid ya yafe masa, bai kyauta ba. Mujahid bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya jawo bencin kusa da tebur ya ce a nuna masa abin da aka samu.

Suka zauna suna warewa har la'asar ta wuce. Mujahid yana faɗin shekara da wurin da aka ɗauki kowanne, Zaharadeen yana sa musu suna. Yawancinsu lafiya lau suke. Kaɗan sun sami tabo, hoto ya ɗan karkace ya dawo. Guda ɗaya ne ya lalace sosai, na daminar ƙarshe, wanda ya faɗa daidai inda faifan ya fi jin rauni. Tsohon yana zaune a zaure, ya rame, ya fara wata magana, sai hoton ya farfashe ya tsaya, murya ta ɗan ci gaba ta yanke. Zaharadeen ya ce ya gwada duk dabarar da ya sani, wannan kam ya tafi, ko Sakkwato aka kai da wuya a samu. Ya tambayi ƙanensa me Baba ya ce bayan nan. Mujahid ya ɗan yi tunani ya ce maganar wani abokinsa ce da suka yi kiwo tare, ya ba shi labarin a taƙaice. Zaharadeen ya gyaɗa kai. Har abin da faifai ya rasa, yana nan a kan Mujahid.

Ya kwafe komai a kan estanal biyu sababbi. Ya ba Mujahid ɗaya, ya ce ɗayar ta zauna a wani gida daban, kuma duk aikin da ya ɗauko daga yau ya shiga wuri biyu kafin ya goge katin kyamara. Mujahid ya ce ta zauna a Mafara.

Ranar Juma'a suka haɗu a Maradun. Ummulkhairi ta fito da talabijin tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ta shimfiɗa tabarmi. Gwaggonninsu biyu sun zo daga Faru tun da safe, da wasu makwabta. Inna Gimbiya ta zauna a gaba, ta rufe baki da gefen mayafi. Mujahid ya jona ya kunna, ya zauna kusa da ƙafafunta. Zaharadeen ya ja kujera can bakin ƙofar zaure, inda ya saba zama idan Inna tana wuri.

Da tsohon ya bayyana aka yi salati, wasu suka fara share ido. Da ya fara tsokana kuma sai dariya ta ɓarke cikin kukan. Zaharadeen ba allon yake kallo ba, fuskokinsu yake bi. Yana so ya ga ko mutum ɗaya da zai yi mamaki kamar yadda ya yi. Babu. Ummulkhairi tana cewa Baba ke nan, shi da bakinsa. Ɗaya daga cikin gwaggonnin tana ƙarasa labarin akuya tun kafin ya kai ƙarshe. Da aka zo labarin rijiya Inna ta sunkuyar da kai, matan suka yi ta yi mata tsiya, da gani sun sha jin sa. Har makwabtan Faru sun san mutumin nan. Duk wanda ke tsakar gidan ya san shi, ban da wanda ya tono shi daga faifan.

Da aka gama gwaggonnin suka yi ta sa wa Mujahid albarka, suna cewa Allah ne ya ba shi basirar ɗauka, da yanzu sai dai a tuna a zuci. Mujahid ya ce aikin Yaya ne, da ba don shi ba da komai ya tafi. Suka juyo suka ce Allah ya yi masa albarka shi ma, suka koma kan Mujahid. Inna ba ta dubi inda Zaharadeen yake ba. Ta ce wa Ummulkhairi a dama fura mai kyau a ba mutanen Mafara kafin su kama hanya, kada su yi yamma.

Mujahid ya rako shi wurin mashin. Suka tsaya, kowa yana kallon wani wuri. Sannan Mujahid ya ce akwai labarai da yawa da Baba ya ba shi babu kyamara, sun fi waɗanda aka ɗauka yawa. Idan Yaya yana so, duk shigowar da zai yi Mafara sai ya zauna ya ba shi.

Maganar ta yi wa Zaharadeen zafi. Ga shi babba, amma sai ƙanensa ya ɗebo masa mahaifinsa ya miƙo masa kamar sadaka. Ya kusa cewa ya bar shi. Ya tayar da mashin, ya ce Allah ya kai mu, ya ce wa Mujahid ya gaida gida, ya ɗauki yarinyar nan idan ya koma.

A hanya ya bi ta gefen gonakin shinkafa, sun yi kore har iyakar gani, bai ma lura da su sosai ba. Ya isa gida kafin magariba. Murja ta tambayi yadda aka yi, ya ce an gani, kowa ya ji daɗi.

Mujahid ya cika maganarsa. Idan ya shigo Mafara sayen kaya ya kan biyo shagon, ya zauna bisa benci, ya fara da cewa akwai wata rana da Baba ya ce. Wani lokaci Zaharadeen ya kan ajiye abin da ke hannunsa ya saurara har ƙarshe, har ya yi tambaya. Wani lokaci kuma, musamman idan Mujahid ya kwaikwayi muryar tsohon ya kira sunan kansa a cikin labarin, sai ya sunkuya kan aikinsa ya ce yau shago ya cika, a bari sai wani zuwan.